Wandunan da na ɗinka wa mijin yayata sun jawo mini magana

"Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata ɗaya da barin gaban maigidana. Mijin yayata, wanda shi ya saya mini keken da nake aiki da shi, ya sami aikin ofis, ya kawo yadi in ɗinka masa wanduna huɗu na sa bel. Na auna shi daidai cibiya, na ƙara inci 2 don ya sake, saboda mutum ne mai teɓa. Ƙugun na yanko shi ta faɗin ragowar yadin, na liƙa masa gam mara nauyi (ƙyallen da ake mannawa da dutsen guga don ya taurara yadi), faɗin ƙugun inci 1¼, na sa kunnuwan bel biyar. Ba a rufa wata ba ƙugun ya fara naɗewa ta gaba, in ya zauna baya ya buɗe ya zame, kunnuwa biyu kuma sun cire. A gaban mutane ya ce ɗinkin 'yan koyo ne, har yau bai ba ni cikon kuɗina ba. Maigidana ya ce laifin teɓarsa ne, in rabu da shi. Yayata ba ta son a ta da zancen. Ni dai na lura a ƙasan ciki yake ɗaura wando, bel ɗinsa mai faɗin inci 1½ ne, kuma yana rataya makullai a kunnen bel. Laifin wa? In nemi kuɗina ko in haƙura?"

Wani tela

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji zafin maganar da aka yaɓa maka, kuma ba zan ce ka yi kamar ba ka ji ba. Mutumin da ya saya maka keke shi ne wanda ka fi so ya yaba ɗinkinka, sai ga shi a bakinsa aka ji kushe, a gaban jama'a. Bai kyauta ba, da ya kira ka gefe ya nuna maka. Amma tun da ka tambayi laifin wa, zan faɗa maka yadda na gani daga abin da ka rubuto da hannunka: kaso mafi tsoka naka ne. Abin farin cikin shi ne duk a ƙugu matsalar take, kuma ƙugu ana farke shi a sake.

Ka fara da wannan, domin shi ne tushen sauran: ba bel ke riƙe wando ba, ƙugun wandon ke riƙe shi. Bel ɗan taimako ne kawai. Wandon da aka ɗinka daidai, ko an zare bel ɗin mutum zai yi tafiya da shi bai zame ba. Kunnuwan bel ma baƙi ne a jikin wando, don kamfanin Levi's bai sa su a jins ɗinsa ba sai a 1922, kafin nan da igiyar kafaɗa ake rataye shi. To kai ka auna mutumin a cibiya, inda cikinsa ya fi faɗi, alhali a ƙasan ciki yake ɗaurawa, inda ya fi tsukewa. Ka kuma ɗora inci 2 a kai. Ba mamaki ƙugun ya fi wurin zamansa da inci 3 ko 4. Wannan rarar ba ta da wurin zuwa, sai bel ya tattare ta, ƙugu ya yi ta lanƙwashewa tsakanin kunne da kunne. Gaban wandon kuma ka yanke shi da tsayin da zai kai cibiya, ciki ya danno shi ƙasa, dole ya ninke. Tausayin da ka ji masa na ƙara inci 2 shi ya fi cutar da ɗinkin.

Sauran kurakuran sun taru ne suka ƙarasa aikin. Yadin da aka yanko ta faɗi ya fi miƙewa, wanda aka yanko ta tsawo, a bi gefen yadin, shi ya fi tsayawa inda aka ajiye shi. Gam mara nauyi ba na wurin da ciki ke dannawa yini guda ba ne. Sannan ƙugu mai inci 1¼ ba zai ɗauki bel mai inci 1½ ba: bel ya fi shi faɗi, ya cika kunnuwan taf, duk sanda mutumin ya sunkuya fatar bel ɗin na tura ɗinkin kunnen sama da ƙasa har zaren ya gaji.

Shi ma yana da nasa. Kunnen bel ba ƙugiyar makullai ba ne, nauyin da ke lilo a wuri ɗaya kullum zai cire kunne ko wane tela ya ɗinka shi. Maigidanka kuma ya faɗi rabin gaskiya, teɓa tana wahalar da ƙugun wando. Sai dai masu teɓa ba su daina sa wando ba, kuma ita teɓar tana gabanka ranar da ka riƙe tef. Kada ka ɗauki maganarsa ka kai wa mijin yayarka, za ka mayar da zancen ɗinki zancen jikinsa, wannan kuwa ya fi wuyar gyara.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka je da ƙafarka, kai kaɗai, ba ta bakin yayarka ba. Shirun da take yi na wadda aka sa a tsakiya ne, ga miji ga ƙane, ka ɗauke mata wannan nauyin. Ka ce masa, "Yaya, na duba, awon da na yi ne bai zauna ba. Ka ba ni guda ɗaya in sake masa ƙugu, in ya yi maka sai in karɓi sauran." Kada ka ambaci kuɗi ranar, kada kuma ka ambaci abin da ya faɗa. Ka roƙe shi ya zo awo da rigar da yake cusawa a wando, da bel ɗin da yake sawa, da takalmin ofis. Guda ɗaya na ce, saboda in ka farke huɗun a tashi ɗaya kana iya maimaita sabon kuskure sau huɗu.

Ranar awon, ya sa wandon ya ɗaura shi inda ya saba, ba inda kake ganin ya dace ba. Ya saki cikinsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zagaya da tef a kan rigar da ya cusa, daidai layin da bel ke bi. Za ka ga layin ba a miƙe yake ba, ya yi ƙasa ta gaba ya yi sama ta baya. Ka bi shi da alli a jikin wandon, wannan shi ne sabon bakin wandonka. Ka sa ya zauna a kujera, ka duba yadda bayan ke ja. Daga nan ka kama rarar da fil a ɗinkin tsakiyar baya har ƙugun ya zauna, yatsunka biyu na shiga ba tare da dole ba. Abin da za ka ƙara a kan awon jiki rabin inci ne, in ya yi yawa inci 1.

Akwai iyaka ga abin da tsakiyar baya zai ci. In ka rage fiye da inci 2 a wurin kaɗai, aljihunan baya za su matso juna, ɗinkin gefe ya karkata baya, wandon ya koma kamar na aro. Abin da ya haura haka ka raba shi: kaɗan a gefen dama da hagu, kaɗan a dat ɗin baya, wato ɗan ɗinkin tsukewa da ke saukowa daga ƙugu. Gaban kuma ka rage masa tsayi bisa layin allin, yawanci daga rabin inci zuwa inci 1 a tsakiya, ya tafi yana shafewa kafin ya kai gefe. Ka tuna zif yana wurin. Ka sauke kansa ƙasa kafin ka sa almakashi, ka cire haƙoran da suka yi yawa, ka yi masa sabon matsaya da zare. Tela da yawa ya yanke bakin wando kan zif ya fice a hannunsa. Baya kuwa kada ka rage masa tsayi ko kaɗan, shi ne ke rufe mutum in ya zauna. Da zarar ka gama yanka, ka bi bakin wandon da ɗinki layi ɗaya kafin ka ci gaba da juya shi, don wuraren da aka yanka a karkace, musamman bakin aljihun gefe, suna miƙewa tun a kan tebur.

Yanzu ƙugun kansa. In za ka sami irin yadin ka sayo mai tsawon da zai isa, ka wanke shi ka goge kafin ka yanka. Dalili biyu: launinsa ya kusanci na wandon da ya riga ya sha wanki, kuma ya gama tsukewarsa. Yadin auduga da ya tsuke da kashi 3 cikin 100 zai cinye fiye da inci 1 a ƙugu mai inci 38, kuma ta tsawo ya fi tsukewa, wato ta inda za ka yanko ƙugun. In yadin ya ƙare a kasuwa, tsohon ƙugun in ka buɗe ninkinsa zai ba ka fuskar waje, ka yi cikin da shafi, matuƙar karin gugar da ke tsakiyarsa ya fita da tururi. A wannan halin sai ka ƙara masa siririn tef na auduga a ɗinkin sama da na ƙasa, tun da ta faɗi aka yanko shi.

Ka yi shi gida biyu, dama da hagu, su haɗu a tsakiyar baya. Bari mu ɗauka awon ya ba ka inci 38. Ƙara rabin inci, 38½ ke nan, kowane ɓangare 19¼. Na hagu, wanda ke hawa sama a wandon maza, ka ƙara masa inci 2 na harshen da ƙugiya za ta zauna, da rabin inci na ɗinki, da inci 1½ na ajiya a baya, ya zama 23¼. Na dama ka ƙara masa faɗin ƙyallen da ke bayan zif, a ce inci 1½, da rabin inci na ɗinki, da 1½ na ajiya, ya zama 22¾. Faɗin da zai fito in an gama inci 1½ ne, ko 1⅝ in bel ɗin mai kauri ne, don haka fuskar wajen ka yanke ta inci 2½ zuwa 2⅝. Amfanin gida biyun shi ne ɗinkin tsakiyar baya zai taso daga hantsa ya ratsa ƙugun a layi ɗaya, kuma shi za ka yi a ƙarshe. Gobe in ya ƙara jiki ko ya rame, layi ɗaya za ka farke. Ga mutum irinsa ka ɗan karkatar da wannan ɗinkin, saman ƙugun ya fi ƙasansa tsukewa da kwata zuwa rabin inci, domin bayan mutum yana shigewa ciki daga ɗuwawu zuwa sama, kuma wannan shigewar ce ke barin ƙugu a buɗe. Gaban ka bar shi a miƙe, tun da a nan ciki fitowa yake yi. Da wandon mace ne, ko wanda ke zama ƙasa sosai a kan kwankwaso, da sai ka yanko ƙugun a lanƙwashe gaba ɗaya daga saman fatan, wato takardar samfurin da ake yanka yadi a kanta, amma nasa bai kai nan ba.

Abin da ke hana naɗewa yana ciki, ba a ganinsa. Akwai tef mai tauri da ake sayarwa musamman don ƙugun wando, wanda ke lanƙwasuwa ta zagaye amma ya ƙi karyewa daga sama zuwa ƙasa, shi ya fi. In babu, ka nemi gam saƙaƙƙe mai nauyi, ba mai kama da takarda ba, ka yi masa hawa biyu: na farko ya rufe yadin duka, na biyu ka yanke shi daidai faɗin da ƙugun zai fito, kada ya shiga rarar ɗinki ya ƙara kauri. Wajen liƙawa, dutsen guga ya yi zafin digiri 140 zuwa 150, ka shimfiɗa ƙyalle a sama, ka danna na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ɗaga, ka matsa gaba. Kada ka riƙa jan dutsen kamar mai gugar riga, kuma kada ka ɗaga yadin sai ya huce. Gam ɗin da ke kumbura bayan wanki biyu yawanci gaggawa ce ta kumbura shi. Gwada a ƙyalle tukuna, in ka ja ya ɓare cikin sauƙi to bai kama ba.

Cikin ƙugun ka yi shi da shafi mai ƙarfi, ya sauko ya wuce ɗinkin ƙugu da kamar inci 1 zuwa 1½, ya rufe kan aljihuna. Wannan saukowar na sa wandon ya kwanta lumui a kan mara. Ka tabbata saman jakunkunan aljihu, na gaba da na baya, ya shiga cikin ɗinkin ƙugu, don nauyin waya da walat ya rataya a ƙugun, ba a bakin aljihu ba. Ƙugiyar ƙarfe ka kafa ta tun kafin ka rufe shafin, haƙoranta su ratsa gam ɗin su kama ɗan farantin ƙarfen da ake sa mata ta baya. Ka ƙara maɓalli ɗaya ta ciki, a ƙarshen ɓangaren dama. Ƙaramin abu ne, amma shi ke ɗauke wa zif jan ciki, kuma mai teɓa ya fi kowa bukatarsa. Inda ɗinki ya yi kauri ka rage rarar hawa-hawa, kada su ƙare a layi ɗaya, ka ɗan bubbuga wurin da guduma kafin allura ta hau. Allura lamba 14 ta isa yadin kwat, mai kauri kamar jins sai 16 ko 18.

Kunnuwan bel su ne suka fi fito da kai fili, don haka mu tsaya a kansu. Biyar sun yi kaɗan ga ƙugu mai inci 38. Lissafa ka gani: biyun gaba suna barin kamar inci 7 tsakaninsu saboda kan bel, saura inci 31. In biyar ne, tazarar ta kusa inci 8, a nan ne bel ke hawa sama wando ya sulale ƙasa. In bakwai ne, tazarar ta dawo inci 5 da 'yan kai. Biyu a gaba daidai layin karin guga, biyu a ɗan bayan ɗinkin gefe, biyu a tsakanin gefe da tsakiyar baya, ɗaya a kan tsakiyar baya. Na tsakiyar ka sa shi a ƙarshe, a sama, don ya yi sauƙin cirewa ranar gyara. Ni na fi son a yi takwas, biyu su saka ɗinkin baya a tsakiya, kowanne inci 1 daga layin, saboda nan ne wando ya fi jan ƙasa in an zauna.

Ka yanko dogon ƙyalle ɗaya ta tsawon yadi, faɗinsa inci 1¼, ka gyara gefe ɗaya kada ya zare, ka ninke shi uku gefen da ka gyara yana sama ta ciki, ka bi da layi biyu. Zai fito kusan inci ⅜ zuwa ½. In yadin mai laushi ne ka sa masa siririn gam a tsakiya. Kowane kunne ka yanke shi inci 3¾, bakwai za su ci inci 26¼, ka yi ƙyallen ya kai 28. Ramin da bel zai bi ya fi bel ɗin da kusan rabin inci, wato inci 2 ga bel mai 1½. Yadda za ka samu haka a ƙugu mai inci 1½ shi ne: ka kife kunnen a kan wandon yana kallon ƙasa, bakinsa daidai da bakin wandon, ɗinkin ƙugu ya haɗa da shi. Ka sauko rabin inci ƙasa da wannan ɗinkin ka kafe shi, ka juyo da shi sama, ka lanƙwashe rabin inci a ƙarshe, ka kafe shi a saman ƙugun. Kafin ka kafe saman, ka zura bel ɗin nasa a ƙarƙashi ka gani, don kaurin fata ma na cin wuri. Ta haka kunnen ya kama a wuri uku, ba biyu ba.

Kafewar ita ce komai. In kekenka na zigzag ne, faɗin milimita 2, taku gajere sosai, ka cika faɗin kunnen. In na miƙe ne kawai, ka je ka dawo sau uku ko huɗu da taku matsakaici. Kada ka rage takun har allura ta riƙa faɗawa rami ɗaya, yadin zai huje a jere ya yage kamar takardar rasit. Ɗinkin saman ya ratsa gam ɗin, na ƙasan kuma ya sami abin kamawa a bayansa, ko jakar aljihu ko ɗan ƙyallen da ka liƙa ta ciki. Ka duba inda biyun nan suka cire: in zaren ne ya tsinke, kafewa ce ta gaza, in yadin ne ya yage ya bi kunnen, rashin abin kamawa ne a baya, kuma sai ka toshe ramin da gam kafin ka mayar da sabo. Na gefen da yake rataya makullai ka ninka masa ƙarfi, sannan in ya zo karɓa ka nuna masa cikin raha cewa maratayin makullan a kan bel ɗin ya kamata ya hau.

Akwai wasu hanyoyin in ka ga wannan bai gamsar da shi ba. Mutumin da cikinsa ke canjawa tsakanin tsayuwa da zama yana jin daɗin roba mai faɗin inci 1¼ da aka ɓoye a cikin ƙugu ta gefe biyu, inci 4 zuwa 5 kowane gefe, gaba da baya suna nan da taurinsu, bel kuma ya rufe ta. In kuwa zai yarda ya ɗaga wando zuwa cibiya, to gaban da ka yanka da tsayi ya yi daidai, sai dai a can bel ba ya riƙe mai teɓa, igiyar kafaɗa ce ke yi, da maɓallai shida a cikin ƙugu. Ka faɗa masa su sau ɗaya, ya zaɓa. Kuma in kana jin hannunka bai faɗa ba a kan gyaran gaban, ɗauki wandon ka kai wa maigidanka ya tsaya a kanka ranar gwaji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma zai fi jin daɗin a nemi idonsa da a yi masa gardama.

Batun kuɗi kuwa, aikin gyaran da yadin da za ka ƙaro duk a kanka suke, kada ka ɗora masa ko na zare. Cikon haƙƙinka ne, ban ce ka yafe ba, amma lokacinsa bai yi ba. Ka ba shi na farko ya sa na mako biyu, ya zauna da shi a ofis, a wanke shi ko sau ɗaya. In ya dawo da sauran ukun da kansa, ka gyara su da awon da ya zauna, ranar da ka miƙa na ƙarshe ka faɗi cikon a fili, sau ɗaya, ba tare da kame-kame ba. In ya biya, madalla. In ya yi shiru, ka auna shi da keken da ke gabanka ka yanke wa kanka hukunci, kuma kowanne ka zaɓa kada ya bi ta kan yayarka. Maganar da ya yi a gaban mutane, in har tana ci maka rai bayan an gama, ka same shi ku biyu ka ce ta yi maka ciwo, gaba in ya ga aibi ya kira ka. Awon da kuka tsaya a kai kuma ka rubuta shi a littafinka, tare da faɗin bel ɗinsa da inda yake ɗaurawa.